Awon Hannun Sallau

Duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san ƙishirwa tun kafin ya san karatu, shi ya sa Idirisu bai taɓa raina aikinsa ba, ko da yake mutanen garinsu sun kasa gane kansa. Su dai sun san yana Zinder, a biro, wato ofis, na wani porje, shirin raya karkara mai kula da foraj-foraj, rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka, zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, daga safe har la'asar. Mahaifiyarsa Hajjo in aka tambaye ta sai ta ce ɗanta leƙa rijiya yake yi daga cikin ɗaki. Kuma ba ta yi ƙarya ba.

A cikin kowane foraj da porjen ke kula da shi akwai wata ƴar na'ura mai kaurin rake, rataye da waya can cikin ruwa. Ba ta gani, ba ta ji, abu guda ta sani, nauyin ruwan da ke danne ta. Ruwa ya yi yawa a kanta ta aiko da babbar lamba, ya ja baya lambar ta ragu. Kullum da sassafe, kafin rana ta hau kan pano, faifan sola, ta tada famfo, takan turo lambarta Zinder. Sai dai lambar ɗanya ce, ba a aiki da ita haka nan. Kowace na'ura da irin ƙaryarta, wata ta ƙara wata ta rage, kamar tiyar ƴan kasuwa, wadda sai ka san mai ita kafin ka san yawan hatsin da ka saya. Don haka ranar da za a saka ta akan gwada ta, a san ƙarinta da raginta, a kuma auna zurfin da aka rataye ta. Da wannan gwajin manhaja ke gyara ɗanyar lambar, ta mai da ita metir na ruwan da ya rage bisa bakin famfo. Idirisu ne mai zuba gwajin cikin manhaja, shi ne kuma mai duba abin da ya fito.

A fuskar ordinatar ɗinsa akwai taswira, kowane gari da ɗigonsa. Garin da ruwansa ya haura metir uku bisa famfo, ɗigonsa kore ne, wanda ya gaza haka ya koma ja. Garinsu, Garin Ƙirya na ƙasar Zermu, kore ne shar, metir shida cif. Kowace safiya shi yake fara dubawa kafin ya duba na kowa, ya ji sanyi a ransa, sannan ya aiki a kawo masa shayi.

A wannan shekarar porjen ba shi da halin haƙa sabon foraj mai zurfi sai guda ɗaya tak. An riga an yanke cewa garin da ruwansa ya fi na kowa ja baya shi zai samu, kuma lamba ce za ta yi magana, ba mai gari ba, ba ɗan majalisa ba. Kwamiti zai zauna da ƙarewar sanyi. Idirisu ya yaba da wannan tsari ƙwarai, har ya taɓa tsayawa a taro ya kare shi da bakinsa.

Wata Juma'a ya hau moto ya je gaida tsohuwa. Tun daga bakin gari ya hango layin bido, jarkokin nan rawaya, ya miƙe daga gindin shato, babban tankin ruwa, har bayan masallaci, mata na zaune a kansu sun yi tagumi. Baffansa Ɗan Azumi, ƙanen mahaifinsa, wanda gari ya ɗora wa tsaron famfon, ya ja shi ya ce ya kasa kunne. Daga cikin bututu ake jin wata ƙara, ruwa ya tunkuɗo sau biyu, sai iska, sai tari irin na tsoho mai ciwon ƙirji. Baffan ya ce tun bayan girbi haka yake, da hantsi ya ba da ruwa, rana na take tsaka ya fara wannan, kuma kullum tarin ƙara sammako yake. Idirisu ya gyaɗa kai ya ce famfon ne ya tsufa, ruwa kam akwai shi, shi da idonsa ya gani da safen nan. Mutumin da ke cin abinci da gilashin ordinatar, ai gilashin yake gaskatawa. Baffan bai yi musu ba, ya dai dube shi ya dubi layin bidon.

Da yamma yana zaune a tsakar gida yana taya Hajjo ɓarar gyaɗa, hira ta gangaro kan marigayi, kamar yadda takan gangaro kullum. Sallau Mai Rijiya, mahaifin Idirisu, damina biyu ke nan da rasuwarsa. Maginin rijiya ne da aka sani har Mirriya, dogon mutum, amma abin da aka fi tuna shi da shi hannuwansa ne. Taubasansa kan ce yana sosa gwiwa ba tare da ya sunkuya ba, kuma yana tsinko tsamiya a inda wasu ke neman gora. Hajjo ta ce ai foraj ɗin nan ma da ake taƙama da shi, ba don babanku ba da ba a saka masa na'urar ba. Idirisu yana Yamai yana karatu a lokacin, bai taɓa jin wannan ba, sai ya ce ta ba shi labari.

Ta gyara zama, don labari ne da take so. Ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin sun iso da kayansu kaf, sai da aka zo sakin waya aka tarar sun baro metir ɗinsu na awo a Zinder. Shef ɗinsu, wato shugaban ayarin, ya yi faɗa har ya gaji. Can wani ya ce ai garin nan akwai mai rijiya, mutanen da ke auna zurfi da gaba, warewar hannu biyu, tun kaka da kakanni. Shef ya yi lissafi a bayan kwalin taba, ya ce gaba ashirin da biyar yake so. Aka kira Sallau daga gona, ya wanke hannu, ya tsaya a gaban duk jama'ar gari yana ware hannuwa yana jan waya, yara na ƙirga masa da ƙarfi.

"Ko sau ɗaya bai sake ƙirga ba," in ji Hajjo. "Masu takardar nan sai kallo suka yi."

Gyaɗar da ke hannun Idirisu ta zube a tabarma. Ya san abin da ke cikin manhaja game da garinsu, don ya sha ganinsa: zurfin na'ura metir arba'in da biyar, daidai da bakin famfo. Shef ɗin nan ya ɗauki gaba guda a matsayin metir ɗaya da santi tamanin, awon mutum tsaka-tsaki, ya raba, ya samu ashirin da biyar. Amma wanda ya ware hannu ba mutum tsaka-tsaki ba ne. In kowane warewa ya zarce da kusan taƙi guda, sau ashirin da biyar, to na'urar ta wuce famfon ta sauka ƙasa da metir huɗu ko biyar. Tana can a gindi cikin ruwa mai yawa tana aiko da labari mai daɗi, famfo kuma yana sama da ita yana haɗiyar iska. Shidan nan da yake shan shayi a kansa kowace safiya, wataƙila bai kai biyu ba.

Hajjo ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, biro ne kawai za su so su san faɗin hannuwan Baba, don a rubuta. Ta ji daɗi sosai, ta ce ai ya kamata tuntuni. Bai iya gaya mata sauran ba.

Abin da zai fi sauƙi shi ne a jawo wayar a auna ta, kuma shi ya fara gwadawa da safe shi da Baffa. Ta taso kamu ɗaya ta cije. Ita aka fara saki a ramin, sannan aka zura famfo da bututunsa da tasa wayar, shekaru sun nannaɗe su wuri guda. In aka matsa ta tsinke, ta faɗa ta toshe ramin, gari ya rasa ɗan abin da yake samu. Ba mai fid da ita sai kamiyo, babbar mota mai ƙugiya da ke ciro famfo ɗungurum, shi kuwa kamiyon porje ba ya zuwa gari sai ɗigonsa ya yi ja ko famfonsa ya mutu. Ya koma Zinder ya aro igiyar awon ruwa ta biro, mai ƙara in ta taɓa ruwa, ya dawo gari ya zura ta gefen bututu. Ba ta yi nisa ba ta sarƙe cikin wayoyi, da ƙyar da addu'a ya samo ta.

Sai ya yi wata dabara. Ya jona ordinatar kai tsaye da akwatin na'urar a bakin foraj, ya zauna cikin rana yana kallon lamba tana sauka yayin da famfo ke ja. Shida, biyar da rabi, biyar. Tana kaiwa huɗu da rabi bututu ya fara tari, lamba ta tsaya cak ba ta ƙara sauka ba. Abin da yake nema ke nan. Ruwa ya sauko har bakin famfo, na'ura kuwa tana cewa da sauran huɗu da rabi a kanta. Ya ɗauki hoto, ya ɗauki ƙarar tarin a wayarsa, ya kama hanyar Zinder da ƙarfin gwiwa.

Madam Raudatu, shugabar sashensu, mace ce mai sauraro, kuma ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce bayaninsa ya shiga hankali. Sannan ta ce ita ta ga famfon da ke tari da metir goma a kansa, don bututu ya tsage, ta ga wanda yashi ya cinye wa ciki yana yin haka. Abin da ya kawo alama ce, ba awo ba ne. Dokar porje kuwa a fili take: ba a canza gwajin na'ura a cikin manhaja sai da awon da aka yi da metir, gaban shaida. An kafa dokar ne tun shekarar da aka gano wasu ma'aikata na sassauta lamba don garuruwan iyayensu.

"Kuma kai ɗan garin ne, Idirisu," ta ce a hankali. "Ko ni na yarda, wa zai yarda da ni?"

Ta ce in zai iya kawo faɗin hannun marigayin a aune, daga wani abu da ya bari wanda za a iya ɗora wa metir, za ta kai maganar gaban kwamiti da kanta.

To, ina ake samun faɗin hannun mutumin da ke ƙasa? Idirisu ya ɗauki hutun da bai taɓa ɗauka ba ya koma gari da metir a aljihu. Dattawa a gindin itacen bedi suka karɓi maganar hannu biyu, don babu abin da tsoho ke so kamar a tambaye shi abin da ya wuce. Wannan ya miƙe ya ware hannu ya ce a ƙara masa taƙi guda, wancan ya ce taƙi da yatsu huɗu, na uku ya ce dukansu ba su san Sallau ba, shi da ya rungume gawon bakin kasuwa yatsunsa suka haɗu. Aka ce a je a auna gawon, sai aka tuna iska ta kayar da shi, an daɗe da ƙone shi a murhu. Musu ya kaure, aka koma kan wa ya girmi wa, aka manta da Idirisu a tsaye. Tufafin marigayin an yi sadaka da su tun ranar bakwai. Igiyar gugansa an yanyanka an ɗaure awaki.

Baffa Ɗan Azumi ne ya tuna da tsohuwar rijiyar kwari, wadda Sallau ya haƙa da ƙuruciyarsa, kowa ya san gaba goma sha biyu ce. In aka auna ta da metir aka raba, shi ke nan. Idirisu ya kusa rungume tsohon. Suka tafi da sauri kamar masu bin ɓarawo, suka leƙa. Rijiyar da aka daina yasa tun zuwan foraj, rairayi ya cike ta ya wuce rabi, har wata ƴar aduwa ta tsiro a ciki. Suka juyo.

A hanya Baffan ya ce, cikin muryar wanda ba ya son abin da yake faɗa, ranar da yayansa ya rasu shi ya yanko karan dawa ya auna shi daga kai zuwa ƙafa, ya kai wa masu haƙa. Karan an bar shi can, gara ta gama da shi, amma kabarin yana nan, a kan karan aka haƙa shi. Da la'asar dai sai ga Idirisu a maƙabarta shi kaɗai, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa gefen tudun. Damina biyu ta zaizaye shi, ba a ma gane inda ya fara da inda ya ƙare sai da fasasshiyar tukunyar da aka kifa wajen kai. Hannunsa na cikin aljihu a kan metir. Ya san ko ya auna, tsayin mutum daban, faɗin hannunsa daban, balle Sallau. Ya san Madam ba za ta iya kai awon kabari gaban kwamiti ba. Amma ba wannan ya hana shi ba, kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ya zo wurin ubansa da ma'auni kamar mai sayen fili. Ya zare hannun ba komai, ya yi addu'a, hawaye na zuba, ya tashi.

Ana gobe kwamiti zai zauna, ya buɗe gurbin gwajin garinsu a manhaja. Gurbi ne ɗan ƙarami, ba makulli, ba mai gadi, yatsa biyu sun isa su canza shi. Ya ƙaddara gaba guda metir ɗaya da santi casa'in, ya lissafa zurfin, ya zuba. Ɗigon ya tsaya kore. Ya ƙara santi biyar. Ɗigon ya koma ja wur, Garin Ƙirya ya haye saman jeri, ya ture wani ƙauye na ƙasar Durum da ke kan gaba, mai ruwa metir biyu da rabi. Bai ji shigowar Madam Raudatu ba sai da inuwarta ta faɗo kan tebur. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta sa ya maimaita mata duka biyun, ta daɗe tana kallo.

"Tsakanin wannan da wancan yatsu uku ne," ta ce. "Kana da tabbacin yatsu ukun nan?"

Ya ce a ransa yana da shi.

"Mutanen Durum da metir aka auna tasu, ina tsaye a wurin. Su ma bido suke jerawa."

Idirisu ya san garin, ya taɓa shan ruwansu mai kanwa. Da hannunsa ya goge abin da ya rubuta ya mai da arba'in da biyar. Ɗigon ya koma kore kamar ba a yi komai ba. Madam ta yi alkawarin za ta karanta bayaninsa a zaman, kuma ta cika. Aka ce an ji, abin dubawa ne, a rubuta shi cikin abubuwan da za a waiwaya. Foraj ya tafi Durum.

Daga nan sai bazara ta shigo, kuma Idirisu ya koyi wani irin zama da bai san akwai shi ba. Kowace safiya na'urar garinsu na turo lambarta a kan lokaci, ba ta taɓa fashi ba, ita kam ba ta da laifi, abin da ke kanta take faɗa. Biyar da rabi. Biyar da kwata. Shi kuma ya cire huɗu da rabi a zuciyarsa ya ga abin da ya rage, shayi ya huce a gabansa. Rahoton wata-wata shi ke buga shi, sunansa ne a ƙasa, kuma a ciki Garin Ƙirya na sahun garuruwan da ba su da matsala. Ya rubuta takarda sau biyu yana roƙon a tura kamiyo, aka amsa masa da ladabi cewa kamiyo ɗaya ne, garuruwa masu ja sun fi goma. Baffa kan kira shi ba don ya ce komai ba, sai ya kara wayar a jikin bututu ya bar shi ya ji. Ya roƙi tsohon ya riƙa kashe famfon da ya fara tari, kada ya ƙone. Baffan ya ce yana kashewa, amma in mace ta tsaya a kanka da jariri a baya da bido wayam, ka gaya mini yadda ake yi. Ya roƙi Hajjo ta zo Zinder ta zauna wurinsa har ruwa ya sauka. Ta ce shi da ke sayen ruwa wurin ƴan garuwa, wane ruwan zai ba ta, kuma wa zai duba mata awaki?

Famfon ya mutu ana tsakiyar zafi, ranar kasuwar Zermu. Baffa ya ce ya ji ƙauri, sannan shiru. Matan gari suka koma rijiyar wani ƙauye da ke bayan dutse, masu jaki da amalanke su ɗauko da yawa, marasa shi su ɗauko a ka, a fita da duku-duku a dawo rana ta take. A taswirar Idirisu kuwa, da yake ba mai jan ruwan yanzu, lambar har ɗan ƙaruwa ta yi.

Tun da famfo ya mutu, doka ta yarda kamiyo ya zo. Ya zo kuwa, da makaniken porje mai suna Habibu, da sabon metir, da umarnin Madam cewa a auna wayar gaban mai gari a ɗauki hoto. Gari ya fito kallo. Aka yi ta jan bututu ana kwancewa ana jerawa a ƙasa, har famfon ya fito baƙi ƙirin, wayar na'ura nannaɗe da shi kamar yaɗiya a jikin itace. Da aka warware ta aka shimfiɗe a kan rairayi, sai aka ga wani abu da ba wanda ya tuna da shi. Tsumma ne ƙanana, ɗaure a jikinta tazara-tazara, ruwa ya mai da su baƙaƙe. Baffa Ɗan Azumi ya durƙusa ya taɓa ɗaya, ya ce wannan ɗaurin guga ne, ɗaurin yayansa, ashe duk gaba guda sai da ya sa alama don kada ƙirga ta ɓace masa.

Habibu ya ɗora metir daga ƙulli zuwa ƙulli yana faɗa mai gari na maimaitawa. Metir biyu ba santi biyu. Na gaba ma haka. Na gaba ma haka, da ƙyar ake samun bambancin faɗin farce, har ashirin da biyar. Dattawan bedi suka fara ai-na-faɗa, kowa na cewa nasa awon ne ya fito. Idirisu ya jira hankali ya koma kan famfo, ya ɗaga wayar, ya kama ƙulli ɗaya da hagu ya miƙa dama iya ƙarfinsa. Ɗayan ƙullin na can gaba da yatsunsa, bai ko kusa ba.

A inuwar kamiyon ya buɗe ordinatar a kan cinyarsa, ya kira Madam ta ba shi izini, ya zuba zurfin gaskiya, arba'in da tara da rabi. Manhaja ta koma baya ta gyara kowace safiya tun ranar da aka saka na'urar. Layin awon ruwan garinsu da ya saba gani yana tafe a sama ya rufto ƙasa baki ɗaya. Ja ne tun kafin girbi. Ranar da kwamiti ya zauna, ruwan Garin Ƙirya metir ɗaya da rabi ne, ƙasa da na Durum da cikakken metir. Ga shi a fili, da hoto, da shaida, ba mai iya musu. Madam ta ce a waya ta gani. Ta ce sabon famfo ba zai yi amfani a ramin nan ba, ƙonewa zai sake yi, injin haƙa kuma ya gama aikinsa a Durum ya koma. Amma garinsu ne na farko a zagaye mai zuwa, bayan damina, da yardar Allah. Ya yi mata godiya, don ba shi da wanda zai yi wa fushi.

Ya tarar da Hajjo a tsakar gida, dawowarta ke nan daga bayan dutse, ƙafafunta fari fat, ɗan ƙaramin bido a gabanta, irin wanda tsohuwa ke iya ɗauka. Labarin tsumman ya riga shi isowa. Ya ce ta bari ba ya jin ƙishi, ba ta ko saurare shi ba, ta tsiyaya masa a moɗa, ruwa ja mai ɗumi, ta tsaya a kansa sai ya sha.

"An ce sun auna na babanku."

"Sun auna, Inna."

"Sun yarda yanzu?"

"Sun yarda."

"To madalla. Ni na san ba ya kuskuren awo." Ta zauna a kan turmi tana murza gwiwa. "Yaushe za su kawo injin?"

Ya ce sai bayan damina. Ta ɗaga kai ta dubi sama, fari tas, ko alamar hadari babu, gonaki ma ba a gama sharar su ba. Ta karɓi moɗar daga hannunsa, ta ga ya rage rabi, ta buɗe bidon ta mai da shi a hankali, tana tare bakin da yatsa kada ya zuba.